Kundin Kula da Mota a Damagaram, Daga Ƙarshen Damina Zuwa Bazara

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

A cikin wannan kundi zan riƙa rubuta kowane aiki da aka yi wa motata, da ranar da aka yi shi, da kuɗin da ya ci, da abin da ya kamata ya biyo baya. Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2007, mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8 da giya otomatik. Domin kasuwar Amurka aka ƙera ta, ta shigo ta Kwatano, ta bi ta hannun wasu kafin ta iso hannuna, kuma ba ta zo da ko takarda ɗaya da ke nuna lokacin da aka taɓa canza mata wani abu ba. Abin da na ƙudura shi ne in bi jadawalin da kamfanin ya tsara, in yi amfani da kayansa na asali a duk inda hali ya yi, kuma in tsaya ga makanike ɗaya wanda zai san motar ciki da waje.

Agogon wannan mota mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba, kuma mil ɗaya ya ɗara kilomita 1.6 kaɗan. Yau agogon yana kan 148,300, wato kusan kilomita 238,600. Littafin motar ya ce a yi juyen baƙin mai bayan kowane mil 5,000, kimanin kilomita 8,000, ko bayan wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Masu motoci da yawa a nan sun saba da juye a kilomita 5,000, sai su ƙirga 5,000 a agogon mil, ba tare da sun lura cewa sun zarce abin da suka yi niyya da kilomita 3,000 ba. Ni na tsayar da mil 3,000, domin aikina yana kai ni ƙauyukan Mirriya da Matamaye da Magariya, inda kwalta ke ƙarewa a shiga jar ƙasa da rairayi, kuma littafin da kansa ya ware hanyoyi masu ƙura a matsayin yanayin da ke buƙatar ƙarin dubawa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kai motar garejin wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya daɗe yana aikin motocin Japan. Na roƙe shi kada ya gyara komai yau, ya duba kawai ya faɗa mini halin da take ciki. Daminar bana ta yi ƙarfi ƙwarai, har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, kuma motar ta sha ratsa ruwa a titunan cikin gari, saboda haka na nemi a fara da ƙarƙashinta.

Aka hau da ita kan rami. Robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafafun gaba lafiyarsu lau, salansa ba ta huje ba, man giya bai gauraya da ruwa ba ko da yake ya fara duhu. Sauran sakamakon bai yi daɗin ji ba. Baƙin mai ya yi kauri, filtar iska ta cika da jar ƙasa, abin da ke cikin lagireto ruwa ne zalla mai launin tsatsa, takalman birkin gaba sun kusa cinyewa, tayoyi biyu kuma sun tsage a gefe. Ya ce mini: “Ɗana, injin yana da sauran rai mai yawa, amma an daɗe ana cin bashinsa. Idan ka ce za ka biya a rana ɗaya, za ka gaji ka bari.” Na ce: “Baba, to ka jera mini su bisa ga wanda ya fi gaggawa.” Muka tsara: mai da filtoci da farko, sai sashen sanyaya inji, sai tayoyi da birki, man giya a ƙarshe.

Mun kuma yi yarjejeniya a rubuce. Ni zan riƙa kawo kaya, shi zai yi aiki a kan kuɗin da muka yanka tun yanzu, duk abin da aka cire za a nuna mini shi, kuma ba za a taɓa wani sashe da ba mu yi magana a kansa ba sai an kira ni. Na ware jika 150 ta sefa a matsayin mafari, zan kuma riƙa ajiye jika 30 a ƙarshen kowane wata. Kuɗin dubawa: sefa 5,000.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kayan sun iso daga Yamai a motar fasinja. Ƙanena ne ya saye su a wurin wakilin kamfanin, bayan na aika masa hoton lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, domin Corolla ta Amurka da ta Turai na shekara ɗaya ba su yi tarayya a kowane kaya ba, kuma da wannan lamba ake tantance wanda ya dace.

An zuba lita 4.2 na mai 5W-30, kamar yadda littafin ya ƙayyade idan an haɗa da canza filta. Yaran gareji sun so a zuba 20W-50, wanda ya fi 5W-30 kauri, wai shi ne ke jure zafin ƙasarmu. Na ƙi, kuma dattijon ya goyi bayana, domin injin yana da tsarin VVT-i wanda ke sarrafa lokacin buɗewar bawul da matsin mai ta cikin ƙananan hanyoyi, mai kauri kuwa yakan yi jinkirin isa can da safe. Idan nan gaba na ga injin yana shan mai, sai mu sake shawara da hujja a hannu.

Ya sa aka yanka tsohuwar filtar mai domin in gani. Tana ɗauke da tambarin kamfanin a waje, amma takardar cikinta kaɗan ce, ta ɓalle daga mazauninta a gefe ɗaya, robar da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji kuma ta bushe ta ƙage. Jabu ce, kuma mai yana ratsa ta ba tare da an tace shi ba. Irinta ba ta kai rabin kuɗin ta asali ba a kasuwa, amma kamar yadda dattijon ya faɗa, araha ba ta ado.

Mai lita 5: 27,500. Filtar mai: 6,500. Filtar iska: 14,000. Wasar murfin juye: 500. Aiki: 3,000. Kuɗin aike: 3,000. Jimilla sefa 54,500. Agogo: 148,700. Juye na gaba: 151,700.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na duba mai da safe kafin in tayar da inji, yana nan a cike. An daidaita iskar tayoyi bisa ga abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Na fara auna shan fetur ta hanyar cika tanki da rubuta lambar agogo: kimanin lita 10.5 a kilomita 100, wanda ya yi yawa ga wannan inji.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Aikin da na ɗauka na rabin yini ne ya zama babbar matsala. Da aka kwance bututun ƙasa na lagireto domin a sa sabon tamostat, sai aka tarar babu tsoho a wurin gaba ɗaya. An cire shi, an kuma haɗa wayar fanka kai tsaye yadda take juyawa da zarar an murɗa makulli. Wannan al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu, bisa tunanin cewa mota a ƙasa mai zafi ba ta buƙatar abin da zai tare ruwa. Ban yarda da wannan tunani ba, kuma dalilina a bayyane yake. Tamostat na wannan inji yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa shi ne ya bar inji ya kai zafin da aka tsara masa da sauri, sannan ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, musamman a safiyar hunturu, inji yakan daɗe yana sanyi, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara masa fetur, wani ɓangaren fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ina kyautata zaton wannan yana cikin dalilan yawan shan fetur da na auna. Wanda ya cire tamostat domin mota tana zafi ya ɓoye ciwon ne kawai, domin ainihin dalilin yakan kasance toshewar lagireto ko lalacewar famfon ruwa.

Haka kuwa aka samu. Ruwan famfo da na rijiya da aka daɗe ana zubawa ya bar farin dutse da tsatsa a ciki. Aka wanke da tataccen ruwa irin na batir har ya riƙa fita fes, aka sa tamostat, aka mayar da wayar fanka yadda take tun asali. Dattijon ya ƙi zuba sabon ruwan sanyaya inji nan take, ya ce a bar injin ya yi zafi da tataccen ruwan tukuna a gani. Da zafi ya hau, matsi ya taru, sai ɗigo ya bayyana a ƙarƙashin famfon ruwa. Dattin da aka wanke shi ne ya toshe yoyon a da. Da an riga an zuba ruwan kamfanin, da an yi asarar mafi yawansa.

Babu famfo na asali a gari. An kawo mini wasu guda biyu daga kasuwa, kwalinsu yana da kyau amma babu sunan wanda ya ƙera su a jikin ƙarfen, na mayar. Na yanke shawarar ajiye motar har a samo na kirki, in koma hawa kabu-kabu zuwa wurin aiki, tafiyar ƙauye kuma in ɗage ta.

Tamostat da robarsa: 18,000. Ruwan sanyaya inji na kamfanin, ruwan hoda wanda aka riga aka gauraya, lita 8: 36,000. Tataccen ruwa: 3,000. Aiki: 7,000. Jimilla sefa 64,000.

Asabar, 7 ga Disamba

Ba a samu famfon a Yamai ba, sai daga Kano wani ɗan'uwa ya aiko da shi bayan an gwada lambar kayan. An sa shi, an kuma canza bel ɗin da ke juya shi tare da janareto da kwamfuresar sanyi, tunda dole a cire shi kuma ya fara tsattsagewa. Wannan inji sarƙa ce ke haɗa sassansa na ciki, don haka babu wani bel na ciki da za a yi wa lissafin canji. An tsiyaye tataccen ruwan ta lagireto da ta jikin inji domin kada ya tsinka sabon, aka zuba, aka fitar da iska. Littafin ya ba irin wannan ruwa mil 100,000 a zubin farko na kamfani, sannan mil 50,000 ko shekara 5 a kowane zubi na gaba, kuma ba a ƙara masa ruwan famfo. Na ajiye ragowar a but domin ciko.

Famfo: 42,000. Bel: 16,000. Aiki: 8,000. Aike: 3,000. Jimilla sefa 69,000.

Asabar, 21 ga Disamba

Allurar zafi tana hawa zuwa ƙasa da tsakiya kaɗan ta tsaya, fanka tana tashi tana kwantawa da kanta. Babu ɗigo. Shan fetur ya sauka zuwa kimanin lita 9 a kilomita 100.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Hazon hunturu ya rufe gari tun farkon wata. A hanyar dawowa daga Magariya fitilar gargaɗin inji ta kama, motar kuma ta riƙa jinkiri idan na taka totur. Wani matashi mai na'urar binciken mota ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ta ba da lamba P0171, ma'anarta iska ta rinjayi fetur a cikin abin da injin ke ƙonawa. Nan take ya ba da shawarar a sayi sabuwar sensar salansa. Na ce a dakata, domin lambar tana faɗin alamar ciwo ne, ba ta ambaci kayan da ya lalace ba.

A gareji aka buɗe akwatin filtar iska, sai ga ɗaya daga cikin maƙallan murfinsa ya karye, murfin ya ɗaga kaɗan, ƙura tana wucewa ta gefen filta. Ta lulluɓe siririyar wayar sensar da ke auna iskar da ke shiga inji. Idan wannan waya ta yi datti takan nuna wa kwamfuta iska ƙasa da wadda ta shiga a zahiri, kwamfuta ta rage fetur, sai a samu daidai abin da lambar ta faɗa. An fesa mata maganin da aka yi domin wannan aiki, ba a taɓa ta da hannu ko tsumma ba, aka bari ta bushe. An samo maƙalli daga akwatin wata mota da aka yanka.

Filtar iskar da aka sa a Oktoba ta riga ta yi nauyi da ƙura, alhali littafin ya ba ta mil 30,000 a yanayi na yau da kullum. Wannan shi ne wurin da na fi ganin bambanci tsakanin ƙasar da aka rubuta jadawalin dominta da tamu. Yaron gareji ya ɗauko bututun iska zai hure ta, dattijon ya hana shi, ya ce iska mai ƙarfi tana yaga ƙananan ramukan takardar ta yadda ido ba ya gani, filta ta fito fes amma ta daina tare ƙura. Muka sa sabuwa. Daga yanzu zan riƙa duba ta kowane mako biyu har hunturu ya wuce. An goge lambar, kuma idan ta dawo, robar da ke tsakanin inji da bututun shigar iska za mu duba.

Bincike: 5,000. Maganin fesawa: 6,000. Maƙalli: 2,000. Filta: 14,000. Jimilla sefa 27,000.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Fitilar ba ta dawo ba. An canza tayoyi biyun da suka tsage. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: tsofaffin 2318 ne, wato mako na 23 na 2018, sababbin kuma 3124. Mai faci ya so ya ɗaura sababbin a gaba, na sa aka kai su baya kamar yadda masu ƙera tayoyi ke ba da shawara, domin zamewar baya ta fi wuyar shawo kai. Tayoyi: 76,000. Daidaita ƙafafu: 6,000. Jimilla sefa 82,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Agogo ya kai 151,700, an yi juye na biyu. Man da ya fito bai yi kauri irin na farko ba, kuma tsakanin juyen biyu abin da ya ragu a sandar awo kaɗan ne, saboda haka muna nan a kan 5W-30.

An canza takalman birkin gaba, waɗanda suka rage kusan milimita 2. Fayafayan ba su yi zurfin ci ba, aka bar su. Aka buɗe gangunan baya aka share ƙura, takalmansu suna da saura. Man birki ya yi baƙi, aka fitar da shi duka ta ƙafafu huɗu aka zuba sabon DOT 3 daga gwangwani rufaffe. Wannan mai yana tsotsar danshi, kuma ƙa'idarsa ta nuna sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka zuwa 140. Ga mai tafiya da kaya a tsakiyar bazara wannan tazara ce babba.

Juye: 37,500. Takalman birki: 28,000. Man birki: 7,000. Aiki: 6,000. Jimilla sefa 78,500.

Asabar, 15 ga Maris

Ƙarancin fetur da ya mamaye ƙasa tun farkon watan nan, ga kuma azumi, ya rushe mini tsarin shan mai a gidan mai kawai. Farashin hukuma yana nan a sefa 499 kowace lita tun ragin da aka yi a Yulin bara, amma samunsa sai an kwana a layi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, man da ke tsallako iyaka ya yi tsada ya kuma ragu, jama'a suka koma ga na matatar SORAZ da ke arewacin garin nan, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana.

Tafiyar aiki ta kama ni a wani ƙauye tanki ya kusa ƙarewa, dole na sayi na kwalba a bakin hanya. Kafin in iso gida motar ta fara shaƙewa a hawa, washegari kuma ta yi ta tari kafin ta tashi. Na tsayar da ita, domin famfon fetur na wannan mota a cikin tanki yake tare da matatarsa, fetur ne ke sanyaya shi, kuma idan ragar bakinsa ta toshe yakan wahala har ya ƙone. Aka ɗaga kujerar baya aka ciro shi. Ragar ta cika da laka, a ƙasan tankin kuma akwai ruwa da rairayi, wasu na kwanan nan, wasu kuwa da alama sun shekara a wurin. Aka sauke tankin aka wanke, aka shanya, aka canza raga da matata. Famfon ya tsira.

Dattijon ya ce: “Ɗana, idan larura ta sake kama ka, ka sa a tace maka ta kyalle mai tsabta, ka bar na ƙasan kwalba, kuma kada ka yarda tanki ya sauka ƙasa da kwata.” Na ce: “Na ji, Baba.” Na sayi mazurari mai raga na ajiye a but.

Wanke tanki: 15,000. Raga da matata: 21,000. Jimilla sefa 36,000.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan sallah na zauna na haɗa lissafi. Daga Oktoba zuwa yau an kashe sefa 416,000. A ciki, 292,000 sun tafi ne ga sashen sanyaya inji da tayoyi da birki da tanki, waɗanda yawancinsu bashin baya ne da ba zai dawo nan kusa ba. Hidimar yau da kullum 124,000 ce, wato kimanin jika 20 a wata. Mafarin da na ware da ajiyar wata shida sun tashi 330,000, na cike giɓin 86,000 daga albashi. Shan fetur yanzu yana wajen lita 8.5 a kilomita 100, ragin lita 2 ke nan idan aka gwada da Nuwamba.

Zafi ya haura digiri 40 da rana, saboda haka na sake jera abin da ya rage. A makon gobe za a auna batir, wanda ya kamata ya nuna wajen bolt 12.6 idan inji yana kashe, a wanke fuskar lagireto da ta na'urar sanyi daga ƙurar hunturu, a kuma sa filtar iskar cikin mota da ke bayan akwatin gaban fasinja. A ƙarshen wata za a tsiyaye man giya a zuba T-IV na kamfanin, ba tare da wankin matsi ba, tunda ba mu san tarihin giyar ba, kuma za a maimaita tsiyayar a juye na gaba. Fulogi na iridiyom ne masu wa'adin mil 120,000, za a ciro ɗaya a ga ko an taɓa canza su. Juye na uku yana kan 154,700, wanda nake sa ran zai zo a Yuni, kuma a ranar za a duba robobin ƙarƙashi da goge-gilashi kafin ruwa ya sauka. Na ɗaga ajiyar wata zuwa jika 35, kuma na aika wa ƙanena jerin kayan da zai saya tun yanzu: man giya, filtar mai biyu, da filtar iska ɗaya ta ajiya.